Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa: kwana 28 da ke wucewa kafin mace ta zo awo

Masu girma kwamishinoni, da shugabannin hukumomin kiwon lafiya a matakin farko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne a kan jariran da ake haifa da tawaya a halittarsu: wanda ya zo da ƙullutu a gadon baya, wanda kansa ke ta girma jiki na ramewa, mai tsagaggen leɓe, mai lanƙwasasshiyar ƙafa, da wanda aka haifa ba mafitar bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai 240,000 ke mutuwa duk shekara cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu saboda irin wannan lalura, wasu 170,000 kuma tsakanin wata ɗaya da shekara biyar, kuma tara cikin goma na masu tawaya mai tsanani a ƙasashe irin namu ake haifarsu. Alƙaluman da muke da su a gida kuwa na asibitocin koyarwa ne, wato na waɗanda iyayensu suka iya kai su. Wanda ya rasu a ɗakin uwarsa kafin ranar suna babu wanda ya ƙirga shi.

Abin da muke so ku fara dubawa shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwa da laka suna farawa ne a matsayin wani shimfiɗaɗɗen abu a bayan ɗan tayi, sai gefunansa biyu su naɗo su haɗe su zama bututu, kamar yadda tela ke rufe hannun riga. Wannan ɗinki yana kammala cikin kwana 28 daga shigar ciki, lokacin da mace ba ta fi mako biyu da ɓatan wata ba, wata ma ba ta lura ba. Idan can sama ne bai rufu ba, sai a haifi jariri ba ƙoƙon kai da yawancin ƙwaƙwalwa, kuma ba ya rayuwa. Idan ƙasa ne, sai laka ta leƙo waje cikin wata 'yar jaka a baya, abin da likitoci ke kira sifaina bifida. Jijiyoyin da ke ƙasa da wurin su ne masu sarrafa ƙafa da mafitsara da dubura, shi ya sa yaron kan tashi da shanyewar ƙafa, ba ya kuma iya riƙe fitsari da bayan gida.

Yanzu ku gwada wannan da yadda awo yake a wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 18 kacal cikin 100 ne suka fara awo a watanni ukun farko. Mace kan ɓoye ciki har sai ya fito, ballantana na fari da kunya ke hana a ambata. Ta zo a wata na biyar, a ba ta maganin ƙarin jini da ƙwayar folik asid, wato bitamin ɗin da ke taimaka wa wannan bututu ya rufe, a rubuta a rajista an bayar. Maganin zai yi mata amfani wajen jini, amma wajen rufe laka bakin alƙalami ya bushe tun wata huɗu da suka wuce.

Ƙwayar kuwa an daɗe da sanin aikinta. Gwajin da aka yi ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta Ingila, wanda sakamakonsa ya fito a 1991, ya nuna cewa matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri, da aka ba su miligiram 4 kullum tun kafin ciki, haɗarin maimaituwa ya ragu da kashi 72 cikin 100. A shekarar da ta biyo baya wani gwaji a ƙasar Hangare ya nuna tana kare waɗanda ba su taɓa samun matsalar ba su ma. Ƙa'idar ita ce maikirogiram 400 kullum ga duk macen da za ta iya ɗaukar ciki, a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata uku ya fi, a ci gaba har mako na 12 ba tare da tsallake ba. Macen da ta taɓa haihuwar mai buɗaɗɗiyar laka, da mai shan maganin farfaɗiya, da mai ciwon suga, su miligiram 5 ake ba su bisa umarnin likita.

To a ina za a samu mace kafin ta yi ciki? Wurin yana hannunku. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, ana duba rukunin jini saboda sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere. Wasu jihohin ma suna da makamanciyarta, kuma ko inda babu doka limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. Budurwar da ta zo wannan gwaji saura makonni a kai ta ɗaki, kuma da yawa kan samu ciki a watannin farko. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa. Muna roƙo a haɗa takardar sakamako da ƙwaya 90 ta folik asid, a yi bayani a gaban angon, domin shi zai sayi na gaba. Wuri na biyu shi ne layin rigakafi: matar da ta kawo jariri allurar wata tara, da yawansu ba su da nisa da wani cikin. Na uku ɗakin tazarar haihuwa, ranar da mace ta zo a cire mata robar hannu don tana son haihuwa. Kuɗin ƙwayar wata uku bai kai na ledar ruwa guda da za a ɗaura wa jaririn da ya zo da ƙullutu ba.

Akwai wani kuskure da ya shafi sashen sayen magani kai tsaye. Ƙwayar folik asid da ta cika kemis da ɗakunan awo ta miligiram 5 ce, wato ta ninka abin da yawancin mata ke buƙata sau goma sha biyu da rabi. Ga kuma Fansidar da ake ba mai ciki daga mako na 13 don kare ta daga zazzaɓin cizon sauro. Fansidar tana aiki ne ta hanyar toshe wa ƙwayar cutar hanyar sarrafa sinadarin folik asid, idan aka cika jini da shi sai ƙarfinta ya ragu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana haɗa ta da miligiram 5. Ashe ke nan muna ba da babbar ƙwaya a lokacin da take rage wa wani magani ƙarfi, mun kuma rasa ba da ƙarama a lokacin da take da amfani. A sayo ta maikirogiram 400, ko wadda aka haɗa da sinadarin ƙarfe. Mai babban haɗari ta sha miligiram 5 har mako na 12, sannan a sauke ta kafin a fara Fansidar.

Za a ce ai ana zuba sinadarin a fulawa. Gaskiya ne, kuma hanyar tana aiki: Amurka ta tilasta hakan a 1998, Afirka ta Kudu a 2003, kuma a Afirka ta Kudun lalurar ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Taron ministocin lafiya na duniya na Mayun 2023 ya zartar da ƙuduri yana neman ƙasashe su ƙarfafa ta. Amma mutuniyar ƙauyen Jibiya ko Gumel ba fulawar kamfani take tuƙawa ba. Dawa ce da gero da masara daga rumbu, a surfa, a kai injin niƙa na bakin kasuwa, kuma babu abin da ake zubawa a can. Zogale da alayyahu da rama da wake da hanta suna ɗauke da sinadarin, sai dai doguwar tafasa da zubar da ruwan dafuwa suna tafiya da mai yawa daga ciki. A yankinmu fulawa taimako ce kawai, ƙwaya ce abin dogaro.

Sauran dalilan da ake iya tarewa ma duk kafin ciki ne ko farkonsa. Maganin farfaɗiya na balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, yana haddasa tawaya ga kusan jariri ɗaya cikin goma, ɗaya zuwa biyu cikin ɗari buɗaɗɗiyar laka ce. Bai kamata budurwa ko matar aure ta zauna a kansa ba idan akwai madadi, amma kuma kada a ce mata ta daina da kanta, domin faɗuwa da ciki haɗari ne gare ta da abin da ke cikin. Likita ne zai sauya a hankali kafin ta ɗauka. Ciwon sugan da ba a daidaita ba a makonnin farko yana taɓa zuciya da laka. Tunjere allurar fenisilin mai daɗewa a jiki ke maganinsa, amma sai an gwada an gano. Ƙyandar Jamus, wato rubela, kan zo wa uwa da ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana uku ta manta, amma idan a farkon ciki ne har tara cikin goma na jarirai kan kamu, su zo da kurumta, yanar ido, ko lalurar zuciya. An shigo da allurarta haɗe da ta ƙyanda a Oktoban 2025, aka yi gangami ga 'yan wata 9 zuwa shekara 14. Aikinku shi ne kada ta tsaya a gangami, ta zauna daram a rigakafin yau da kullum, domin rabi-rabin rigakafi na iya tura cutar ta riƙa kama 'yan mata bayan sun girma, wanda shi ne abin da ake gudu.

Wasu dalilai biyu kuma suna buƙatar a faɗe su da ladabi. Auren zumunci yana da daraja a wurinmu, kuma yawancin 'ya'yansa lafiya lau suke. Sai dai tsakanin ɗan wa da 'yar ƙani haɗarin yakan tashi daga kimanin 2 zuwa 3 cikin 100 ya kai 4 zuwa 6, ya kuma fi haka a dangin da suka daɗe suna juya aure a tsakaninsu ko aka taɓa haihuwar mai lalura iri ɗaya. Irin wannan gida shawara suke buƙata kafin a kai kuɗi. Sai haihuwa bayan shekara 35: lalurar Dawun, mai zuwa da jinkirin girma da na fahimta, kan samu kusan ɗaya cikin 350 a wannan shekaru, ɗaya cikin 100 a shekara 40. Bayan duk wannan, kusan rabin tawayar da ake gani ba a iya danganta ta da dalili guda ba, kuma wajibi ne ma'aikaci ya iya faɗa wa iyaye haka ba tare da ƙirƙiro wa uwa laifi ba.

Idan rigakafi ya wuce, sai sa'o'in farko. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Don haka idon farko da zai ga ƙullutun na ungozomar gargajiya ne ko na kaka. Abin da suka sani shi za su yi: a gasa da ruwan zafi, a shafa man shanu ko toka, ko a kira wanzami ya yi sakiya a zaton ƙurji ne. Ruwan da ke cikin jakar nan shi ne wanda ke zagaye ƙwaƙwalwa. Da an huda, ƙwayar cuta ta samu hanya, sanƙarau ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kamata a yi bai fi a rubuta a takarda guda ba: kada a wanke wurin, kada a shafa komai, a kwantar da jariri rub da ciki ko ta gefe, a rufe da ƙyallen asibiti da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, a ɗora leda mai tsabta a kai don kada ya bushe, a kare shi daga kashi, a lulluɓe jariri ya ji ɗumi, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanya. Ana so a rufe wurin da tiyata cikin kwana biyu zuwa uku. Masu wannan aiki suna asibitocin koyarwa irin na Sakkwato da Kano da Shika da Jos da Maiduguri, don haka takardar tura mara lafiya ta nufi can kai tsaye. Yawo daga ƙaramin asibiti zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma zuwa na jiha shi ke cinye kwana ukun.

Kusan takwas cikin goma na jarirai masu buɗaɗɗiyar laka ruwa zai taru musu a kai, wasu kuma da aka haifa lafiya yakan taru musu bayan cutar da ta kama su a makonnin farko. Kayan gano shi tef ɗin tela ne. Kan jariri a haihuwa kan kai santimita 33 zuwa 36, ya riƙa ƙaruwa da kimanin santimita 2 a wata a watanni ukun farko. A zagaya tef ta saman gira da tudun ƙeya, a rubuta a kati ranar haihuwa da ranakun allurar mako 6 da 10 da 14. Kan da ke gudu fiye da haka, da maɗigar da ta kumbura ta yi tauri, da jijiyoyin da suka fito raɗau a fatar kai, da idon da baƙinsa ya nutse ƙasa, da amai, duk sammaci ne. Ana sa siririyar roba ta janye ruwan zuwa ciki, ko a huda masa hanya da na'urar leƙe, dabarar da Dakta Benjamin Warf ya inganta a Mbale ta Yuganda saboda yaran da ke nesa da asibiti. Robar kan toshe, kuma dole iyaye su san amai da yawan barci da kuka marar dalili na nufin a dawo a ranar.

Abin da ya fi kashe masu buɗaɗɗiyar laka daga baya kuwa ƙoda ce. Mafitsarar da ba ta juyewa takan mayar da fitsari sama har ƙoda ta lalace ba a sani ba. Maganin shi ne a koya wa uwa zura robar fitsari mai tsabta duk sa'a uku zuwa huɗu, da duba ƙafa da ɗuwawu kullum, domin yaron ba ya jin zafin rairayi ko garwashi, sai a wayi gari da gyambo. Ma'aikaciyar jinya guda da aka horar a kowane babban asibiti ta isa ta riƙe wannan.

Lanƙwasasshiyar ƙafa ita ce ta fi ban takaici, don ita ta fi sauƙin gyara. Kusan jariri ɗaya cikin 1,000 ne. Da dabarar Ponseti, ana miƙar da ƙafar a hankali a sa siminti daga yatsu har cinya, a sauya duk mako sau biyar zuwa takwas, a ɗan yanke agara ga mafi yawansu, a sa simintin ƙarshe na mako uku. Daga nan sai takalma biyu da aka haɗa da sanda: sa'a 23 a rana tsawon wata uku, sannan da dare kawai har shekara huɗu zuwa biyar. Fiye da tara cikin goma kan taka daidai. Inda aikin ke rushewa shi ne takalmin: iyaye sun ga ƙafa ta miƙe, yaro na kuka, kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi na Dala ya yi yawa, sai a rataye shi, ƙafa ta koma. Wannan aiki ba ya buƙatar babban likitan ƙashi kowane mako. A horar da masu sa siminti da masu gashin ƙashi a manyan asibitocin shiyya, a sa masu ɗinka takalma na gida su riƙa yin takalmin.

Mai tsagaggen leɓe da ganda kuwa yunwa ke kashe shi kafin ranar tiyata. Ba ya iya zuƙo nono, madara na fita ta hanci, uwa ta ɗauka ƙi yake yi. A tatsa a ba shi da kofi ko cokali yana zaune a miƙe, kaɗan-kaɗan, akai-akai, a riƙa auna nauyi. Ana ɗinke leɓe a wata uku zuwa shida idan nauyi ya kusa kilo 5 kuma jini ya isa, ganda kuma kafin ya fara magana sosai. Ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama na ƙasar nan, amma iyaye da yawa ba su taɓa ji ba. Sauran a taƙaice: a buɗa a duba dubura da ido, a tabbatar baƙin kashi ya fita cikin sa'a 24, wanda hanjinsa ya fito ta gefen cibiya a sa shi cikin leda mai tsabta daga ƙafa zuwa hammata, kada a ba shi komai ta baki, a maƙala na'urar auna iskar jini a hannun dama da ƙafa bayan kwana ɗaya, abin da ya tsaya ƙasa da 95 a tura.

Duk wannan nauyi a kan mace guda yake sauka. Tun ba a yanke cibiya ba ake fara bin diddigi: ta fita da magariba, ta yi wanka a waje da dare, ta ga abin da bai kamata ba, a danginsu ne, ko kishiya ce ta yi mata. A kira jaririn ɗan ruwa. A yi suna a ɓoye, a riƙa tura shi ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo. Wata a ce ta je gida ta huta, hutun da ba a zuwa biko. Wadda ta zauna kuwa sana'arta ta mutu, domin mai zura roba duk sa'a huɗu ba ta zuwa ko'ina. A sayar da akuya, a jinginar da gona, a cire babbar 'ya daga makaranta ta zama 'yar raino. Kuɗin da ke karya gida sau da yawa na hanya ne da na zaman jinya da abinci, ba na tiyatar kaɗai ba. Kalmar farko da ma'aikaci zai faɗa tana iya tsayar da wannan ko ta hanzarta shi. A kira uba a zaunar da shi tare da uwar, in da hali har da mahaifiyarsa, a ce musu ga sunan abin, ga lokacin da ya faru, ba laifin kowa ba ne, ga inda za a je gobe, ga kuma ƙwayar miligiram 5 da za ta fara sha wata uku kafin wani cikin. Malamai da masu unguwanni su ma a ba su wannan bayani. Liman ya faɗa a huɗuba cewa neman magani ba ya karo da yarda da ƙaddara, maganarsa za ta kai inda tamu ba ta kaiwa.

Kuɗin yi akwai inda za a ɗebo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya na matakin farko, kuma jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Muna neman a sa rufe laka da robar kai da takalmin ƙafa da robar fitsari cikin abin da ake biya wa marasa ƙarfi, tare da kuɗin motar tafiyar farko. Muna neman kowane ɗakin haihuwa ya riƙa rubuta irin tawayar da aka gani, a mace aka haifa ko a raye, da unguwar da uwa ta fito, a tattara wata-wata, domin ta haka ne za a gane idan wata gunduma ta fara yin fice. Ranar 3 ga Maris ce ranar tunawa da wannan lalura a duniya. Muna fata kafin ta zagayo, kowace jiha ta fitar da umarni a rubuce cewa ba a miƙa takardar gwajin aure sai da ƙwaya 90 a haɗe, kuma takardar matakan sa'o'in farko ta isa bangon kowane ɗakin haihuwa da hannun kowace ungozoma da ke cikin rajistarku.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin haihuwa da sashen jarirai.